Sabon tsarin ganin likita a asibitin GP ɗinmu: waye ya gane kansa?

Admin: Assalamu alaikum jama'a. Tunda da yawanmu mazauna wannan ɓangaren na Manchester asibitin GP ɗaya muke zuwa, wato asibitin likitan unguwa da ake fara zuwa, bari in kawo muku abin da suka turo a takardarsu ta wannan watan don na san ba kowa ke buɗe saƙonsu ba. Na farko, daga yanzu duk mai son ganin likita fom zai cike a shafinsu ko ta NHS App, manhajar hukumar lafiya ta ƙasa, a buɗe yake daga 8 na safe zuwa 6:30 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, likita ne zai duba ya ware wanda za a gani yau, wanda za a kira a waya da wanda za a tura famasi. Ko waya ka buga, mai risefshan tambayoyin fom ɗin za ta yi maka ta cike. Na biyu, dattijon likitan nan da duk muka sani zai yi ritaya ƙarshen shekara. Sai allurar mura ranakun Asabar. Sun kuma sake kokawa a kan masu karɓar lokaci su ƙi zuwa ba tare da sun soke ba. Dan Allah a tattauna cikin mutunci, banda kiran sunan ma'aikaci.

Direban Dare: Wa alaikumus salam. Wallahi ni dai tsarin nan ya yi min. Da sai in dawo aiki da asuba ido ya yi ja, in hana kaina barci ina gadin ƙarfe 8, in buga a ce ni ne na talatin da wani abu a layi kamar layin mai a gida, kafin a zo kaina a ce na yau ya ƙare ka sake kira gobe. Yanzu a cikin mota nake cikewa in je in kwanta, in tashi in tarar da saƙonsu.

Baba Alhaji: Kai yaro ne kana da ido kana da Turanci. Ni fa? Shekara nawa ina zuwa wurin nan, likitan nan da zai tafi ya san sugana ya san hawan jinina, in na shiga tun kafin in zauna zai tambaye ni ƙafar ya ya. Yanzu an ce in zauna in yi wa waya bayani. Jiya na buga, yarinyar da ta ɗauka ba ta kai jikata ba, tana tambayata wai sau nawa nake tashi fitsari da dare. Na ce mata ke likita ce? Na kashe wayata.

Direban Dare: Allah ya huci zuciyarka Baba, ban yi nufin raini ba.

Hajiya Babba: Alhaji ai gara kai. Ni ɗana ne yake cike min, to ka gaya min ta ya zan zauna in faɗa wa ɗan da na haifa abin da ke damuna na mata ya rubuta? Sai na ce masa ya sa ciwon baya kawai. Suka turo min hoton motsa jiki da lokacin ganin mai gashin ƙashi bayan sati biyu. Abin dariya abin haushi.

Anti Nas: Sannunku iyayenmu. Bari in ɗan yi tsawo ku yi haƙuri, ba a asibitin nan nake aiki ba amma tsarin kusan ɗaya ne. Abin ba daga su ba ne, gwamnati ce ta wajabta wa duk asibitocin GP na Ingila daga 1 ga Oktoba 2025 su bar hanyar intanet a buɗe duk tsawon lokacin aiki, alkawarin da ministan lafiya na lokacin Wes Streeting ya yi ta yi ne na kawo ƙarshen rububin ƙarfe 8. Ƙungiyar likitoci ta BMA ma ba ta ji daɗin yadda aka yi ba, cewa suke saƙonni za su yi musu yawa har mai ciwon gaggawa ya ɓace a ciki. Amma ba a rufe waya ba, ba a kuma hana mutum takawa ya je risefshan da ƙafarsa ba, duk wanda ya ce muku intanet kaɗai ba gaskiya ba ne.

Abin da nake so mu gane shi ne, likitan da ke tantancewa ba ya ganin fuskarki Hajiya, ba ya ganin yadda kika rame ko yadda kike dafa bango, abin da aka rubuta kawai yake gani, cikin ɗan lokaci kuma, ga wasu jibge suna jiransa. Mu kuma an tarbiyyantar da mu da ɓoye ciwo, mutum yana mutuwa yana cewa alhamdulillahi jiki ya yi kyau. Da dattijon likitan nan ya saba da mu, ya san in Bahaushe ya ce ɗan zazzaɓi ne to a duba da kyau. Fom bai san wannan ba. In kika rubuta ciwon baya, layin ciwon baya za a sa ki, kuma ba su yi laifi ba. Alhali in abin da ke akwai jini ne bayan al'ada ta ɗauke shekaru, wannan da gaggawa ake tura mace asibiti a duba, ba a wasa da shi ko kaɗan. Ban ce shi ne ke damunki ba Hajiya, misali na bayar.

Abin yi: ki je da kanki ki ce maganar sirri ce, likita mace kike so, kuma a nemo miki tafinta na Hausa. Kyauta ne, haƙƙinki ne, galibi ta waya ake haɗawa, su kansu ba sa son yaro ya yi wa uwarsa tafinta. In kin fi so ki kira ni ta gefe in taya ki rubutawa, daga ni sai ke.

Hajiya Babba: Allah ya yi miki albarka 'yata. Zan kira ki bayan isha'i.

Baba Alhaji: To ita yarinyar risefshan ɗin fa, dole sai ta ji sirrina?

Anti Nas: Ba dole ba ne Baba, za ka iya cewa ba ka son faɗa mata, sai dai likitan zai rasa abin da zai auna gaggawar da shi. Dokar sirri ta hau kanta kamar yadda ta hau kaina, aikinta za ta rasa in ta fitar. Kuma Allah ya ba ka haƙuri, mai suga da ya fara yawan tashi fitsari tambaya ce mai ma'ana ta yi maka, ka daure ka sake kiransu.

Ɗan Katsina: Ni duk wannan bai dame ni ba, abin da ke ci min rai kuɗin da muke zubawa ne. Kowace shekara ta biza ɗalibi yana biyan fam 776 kuɗin lafiya, ma'aikaci 1,035, ka lissafa mai mata da yara uku. Amma ka yi mura ta kwantar da kai sati guda, ka cike fom ɗin nan har da rantsuwa, amsar da za ta zo ita ce ka sha ruwa da farasitamol ka huta. A gida da na shiga kemis na ce a ba ni Augmentin an gama magana.

Dakta na Takarda: Ƙanina ai wannan shiga kemis ɗin shi ya kai mu inda muke. Mura ƙwayar bairos ce, Augmentin ba ya taɓa ta, kwana bakwai ɗin da za ka warke da shi su ne dai za ka warke ba shi. Abin da kake yi kawai koya wa ƙwayoyin cutar jikinka yadda za su jure maganin ne, ranar da kake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi aiki.

Ɗan Katsina: Dakta kai fa digirinka a kan noman rani ne 😂

Dakta na Takarda: Ko a gona haka ƙwari suke yi wa feshi, je ka tambaya.

Ɗan Katsina: To na ji. Amma maganar kuɗin tana nan. Ka biya na biza, ka biya haraji a albashi, sannan ka je karɓar magani a ce fam 9.90 kowane guda. Abokina a Glasgow ko sisi ba ya biya.

Direban Dare: Sikotland da Wales kyauta ne, mu nan ne ake biya. Amma in kana shan magani kullum ka sayi katin shekara, fam 114.50, ko na wata uku 32.05, duk yawan maganin da aka rubuta maka ya shiga ciki. Ni na hawan jini biyu nake sha da na kolestarol, sai da wani mai famasi ya tausaya min ya gaya min, babu wanda ya taɓa faɗa min a asibitin.

Anti Nas: Ƙari a kan haka, yara 'yan ƙasa da 16, wanda ya kai 60, mai ciki har shekara guda bayan haihuwa, da mai shan maganin suga duk ba sa biya, sai dai mai ciki da mai suga su tabbatar an cike musu takardar yafewa. Abin da ke ba ni takaici sikila ba ta cikin jerin, mutum tun haihuwa yake fama amma in ya girma sai ya biya, kuma mu ne abin ya fi shafa.

Maman 'Yan Biyu: Ni kam da farko haushi na ji da na cike fom a kan kunnen Hassan suka ce in je famasi, na ce wato ɗana bai kai a ga likita ba kenan. Na je dai don ba yadda zan yi. Wallahi mutumin ya shigar da mu wani ɗan ɗaki, ya ɗauko abin leƙa kunne mai fitila ya duba duka biyun, ya auna zafin jikinsa, ya tambaye ni ko ruwa na fita, ya ba mu magani a take ban biya komai ba, ya ce in bai sauka ba cikin kwana uku in koma GP. Kafin la'asar muna gida.

Anti Nas: Shi ne Pharmacy First, tun ƙarshen Janairun 2024 aka fara. Cuta bakwai mai famasi zai iya dubawa ya ba da magani har da antibayotik in ya kama: ciwon kunne na yara daga shekara 1 zuwa 17, ciwon maƙogwaro daga shekara 5, toshewar hanci mai sa ciwon fuska daga 12, cizon ƙwaro da ya yi ruwa, ƙurajen nan na yara masu ɓawo, shingles (ƙuraje masu zafi a gefe ɗaya na jiki) ga manya, da ciwon fitsari na mata daga 16 zuwa 64. Ba sai kun bi ta GP ba ma, kai tsaye za ku iya zuwa.

Maman 'Yan Biyu: To tunda an zo maganar allurar mura, makarantar su Hassan sun turo takarda in sa hannu a fesa musu a hanci. Wata maƙwabciyata 'yar Pakistan ta ce min akwai alade a ciki. Gaskiya ne ko irin jita-jitar nan ce tamu?

Anti Nas: Wannan kam gaskiya ne, na feshin hanci akwai gelatin na alade da aka sarrafa, su ma ba sa ɓoyewa yana rubuce a takardar. Amma akwai na allura wanda babu, ki duba fom ɗin akwai wurin da za ki zaɓa, in babu ki kira su. Haka rigakafin ƙyanda, iri biyu ne, ki ce Priorix kike so shi babu gelatin.

Malam na Masallaci: Malamai sun yi saɓani a kan wannan, wasu na ganin abin ya riga ya rikiɗe ya tashi daga asalinsa don haka ya halatta, wasu ba su gamsu ba. Tunda ga wanda babu shubuha kuma kyauta, a ɗauke shi a huta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da wannan a bar yaro ba rigakafi gaba ɗaya. Mu da muka taso a Arewa mun ga abin da ƙyanda take yi wa yara, ba labari aka ba mu ba.

Ɗan Katsina: Malam wasu fa har yanzu maganar gwajin magani da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ce a ransu, shi ya sa.

Malam na Masallaci: Na sani, kuma ba a ce su manta ba. Amma gwajin sabon magani daban, rigakafin da aka yi shekaru ana yi wa 'ya'yan kowa a ƙasar nan daban.

Admin: Jama'a kar mu shiga wannan yau, mun san inda take kai mu. Mu tsaya a kan asibitinmu.

Uwar Gida: Ni tambayata ga Anti. Maigidana tun bazara yake fama da ciki, ya rame wandunansa duk sun yi masa yawa har sai da ya ƙara huda bel, ya cike fom ɗin nan ya kuma cikewa, kowane karo mutum daban ne ke kiransa, wannan ya ce gyambon ciki ne ya ba shi omeprazole, wancan ya ce damuwa ce. Babu wanda ya taɓa cikin da hannu. Shi kuma kun san mazanmu, da an kira sai ya ce ai da sauƙi. Ni na rasa yadda zan yi.

Anti Nas: Yaya wannan kar ku bari ya kwana. Gobe da safe ku cike tare, ke ki riƙe wayar. Ku rubuta tun yaushe, ku rubuta ya rame ba tare da ya yi niyya ba, in kun san kilo nawa ku sa, ko akwai jini ko baƙin bayan gida, ko abinci na tsaya masa, sannan ku rubuta ƙarara cewa wannan ne karo na uku ko na huɗu a kan matsala ɗaya, maganin bai yi ba, kuna so a gan shi ido da ido. Akwai sabuwar ƙa'ida da aka fito da ita a Satumban 2025, Jess's Rule, sunan wata budurwa ce Jessica Brady da ta rasu da kansa a 2020 tana da shekara 27, bayan ta yi ta tuntuɓar asibitin GP ɗinta wajen sau 20 ba a gano ba, iyayenta ne suka yi ta fafutuka. Ƙa'idar ta ce in mutum ya zo sau uku da abu ɗaya ba a gano ba ko yana ƙaruwa, likita ya tsaya ya sake tunani daga farko. Ku ambace ta da suna a fom ɗin. Ba ina tsorata ki ba ne, sau da yawa ba wani mugun abu ba ne, amma a duba. In kuma ya yi aman jini ko ciwon ya tsananta cikin dare, ba fom ba, ku kira lambar gaggawa 999 ko ku je imajansi. Na tsakiya wanda ba ku tabbatar ba, ku kira layin neman shawara na 111.

Uwar Gida: Na gode ƙanwata, Allah ya saka. Yana nan yana harara ta wai na kai shi guruf.

Direban Dare: Ki ce masa mu ma duk haka muke, Allah ya ba shi lafiya.

Sabon Zuwa: Salam, ku yi haƙuri na katse ku. Surukata ta zo wankan jegon matata da bizar ziyara, maganin hawan jininta ya kusa ƙarewa. Na je risefshan wata ta ce sai na kawo takardar shaidar adireshi da sunanta. Ta ina baƙuwa za ta samu?

Dakta na Takarda: Ba ta da gaskiya. Ƙa'idar NHS a Ingila ba a buƙatar shaidar adireshi ko fasfo ko takardar zama kafin a yi wa mutum rajista da GP, kuma ganin GP kyauta ne ga kowa. In zamanta bai wuce wata uku ba akwai rajistar wucin gadi. Ka koma ka nemi manajan asibitin cikin lalama. Inda za ka yi hattara shi ne in aka tura ta babban asibiti, can kam baƙo biya yake, kuma da tsada. Ka tafi da kwalin maganin nata su ga sunansa.

Sabon Zuwa: Madalla, na gode Dakta.

Anti Nas: Masu tafiya gida Disamba kuma, tun yanzu ku nemi nas ɗin tafiye-tafiye, kar ku bari sai saura kwana uku. Ta taifod da ta ciwon hanta nau'in A kyauta ne, maganin kariyar maleriya da allurar shawara ku za ku biya, haka ta sanƙarau ta masu Umara da Hajji. Kuma dan Allah duk wanda ya dawo ya ji zazzaɓi, ko bayan watanni ne, layin farko da zai rubuta ko ya faɗa shi ne na dawo daga Najeriya ko Nijar ranar kaza. In ka rubuta zazzaɓi kawai a watan Janairu mura za a ɗauka, kowa ita yake yi. Jikin da ya daɗe a nan ya rasa juriyar da yake da ita, yaran da aka haifa a nan kuwa ba su da ita sam.

Ɗan Katsina: Ni da Coartem ɗina nake dawowa a jaka.

Anti Nas: Ka sha ba gwaji, in ba ita ba ce fa? Ɗan Katsina kai dai sai addu'a.

Baba Alhaji: Duk na karanta. Abu ɗaya ne ba ku taɓo ba kuma shi ya fi damuna da tafiyar likitan nan. Lokacin da aminina ya rasu a gida ranar Alhamis, shi ya tsaya bayan an tashi aiki ya rubuta takarda don ya san mu ba ma ajiye gawa, aka yi jana'iza bayan Juma'a. In ya tafi wa zai yi mana wannan?

Malam na Masallaci: Allah ya jiƙansa. Alhaji ai tun Satumban 2024 abin ya canza, ko yana nan ba shi kaɗai zai gama ba. Yanzu duk rasuwar da ba ta je hannun jami'in binciken mutuwa (coroner) ba sai wani likita na daban mai tantancewa ya duba takardar ya kuma yi magana da iyali kafin a yi rajista. Mu a kwamitin jana'iza abin da muka koya shi ne a gaya musu tun a kiran farko cewa Musulmi ne ana son binnewa da wuri, suna ƙoƙarin gaggautawa, amma in ta faɗo ƙarshen mako sai haƙuri. Wanda kuma yake da mara lafiya a kwance a gida, a tabbatar likitan asibitin ya san halin da yake ciki tun da rai.

Admin: Wannan maganar ta Baba da ta tafinta, a guruf kawai za su tsaya in ba mu kai su inda ake ji ba. Kowane asibitin GP yana da kwamitin marasa lafiya da ke zama da manaja, a takardar ma sun ce suna neman sababbin mutane, na leƙa sau ɗaya babu baƙar fata ko ɗaya balle Bahaushe. Ina ganin mu tura mutum biyu, namiji da mace. Abin da za su kai: a riƙa tambayar dattawa ko suna son tafinta tun a risefshan, a samar da wurin da mace za ta yi magana ba a gaban layi ba, sannan a gaya wa su Baba sunan likitan da za a mayar da su hannunsa kafin wancan ya tafi.

Dakta na Takarda: Zan je in da yamma ake yi.

Hajiya Babba: A sa Maman 'Yan Biyu, bakinta ba ya mutuwa.

Maman 'Yan Biyu: Kai Hajiya 😂 to wa zai riƙe min yaran?

Hajiya Babba: Kawo su nan, amma ki haɗo da abincinsu don ba sa cin tuwo.

Baba Alhaji: Direba, ranar Asabar in za ka wuce ka biyo ka ɗauke ni mu je allurar nan, daga nan in ga yarinyar risefshan ɗin ido da ido mu gama maganar jiya.

Direban Dare: Ƙarfe nawa Baba? Kar ya wuce 11 dai, ina da ɗauko fasinja a filin jirgi.